Sawun Kare a Bakin Ƙofa

Ran nan da 'yar'uwarku Hadiza ta zo da wayarta tana nuna mini tayil ɗin da take so ta sa a kicin, wanda aka yi masa zanen katako alhali tangaran ne, na ce mata ni ban yarda da kayan da yake ɓoye asalinsa ba. Ta yi dariya, ta ba ni amsa da Turanci kamar yadda kuka saba, wai ni duk abin da ya fito jiya sai na ce akwai wata a ƙasa. Ban yi mata musu ba. Halina ne tun ina saurayi, kuma shi ne ya raba ni da mutumin da ya koya mini sana'ar da na ciyar da ku da ita. Kun sha jin sunan Baba Lawan a bakin mahaifiyarku, kun kuma lura in an ambace shi sai in tashi in ce zan duba mota. To ga abin da ya faru, daga bakina.

Na zo ƙasar nan, garin Greensboro, a ƙarshen shekarun saba'in, cikin samarin da aka turo koyon sana'a. Karatun ya fi ƙarfina, Turancin malaman yana wuce ni kamar ruwa a kwata, sai na daina zuwa aji. Ina zaune a wani ɗan ɗaki a unguwar Glenwood, ban san inda zan sa kaina ba, Lawan ya same ni. Bakatsine ne, ya girme ni da 'yan shekaru, ya riga ni zuwa ƙasar, kuma ya riga ya zama mai sa tayil da ake kira da sunansa. Da ya ji ni mutumin Haɗeja ne sai wasan da ke tsakaninmu da Katsinawa ya tashi. Bai taɓa kirana Hamisu ba. Bahaɗeje yake ce mini, ya ce tun daga bakin titi yake jin ƙarnin kifi in na iso. Ni kuma in ce masa Yaya Lawan a gaban mutane, in mun keɓe in ce masa bawana. Ya ɗora ni a bayan a-kori-kurarsa, ya fara da ni daga kwaɓa siminti da ɗaukar kwali, har ya sakar mini cokalin shafa siminti.

A lokacin da na shiga aikin, tayil abu ne mai sauƙin ganewa. Ƙanana ne, faɗin tafin hannu, masu sheƙi, kowane ɗaya daidai da ɗan'uwansa. Launin ma an san shi: kore irin na cikin fiya, ruwan ɗorawa, ruwan hoda, sai fari. Ka ja layi, ka jera, ka cike tsaga, ka goge, ka tafi gida. Ni wannan ya yi mini. In ka buɗe kwali ka san abin da za ka tarar, in ɗaya ya bambanta ka san ɓatacce ne ka jefar. Amma da shekarun tamanin suka kama, sai kaya suka fara canjawa. Manyan tayil suka shigo daga Italiya, ɗaya ya kai huɗun namu ko fiye, marasa sheƙi, launin madara da launin yashi. Aka kawo wani mai tauri da suke ce wa fosilin, wanda yake cinye bakin abin yanka kafin azahar. Matan gida suka fara cewa a cire musu koren nan, wai ya tsufa, alhali ko tsagewa bai yi ba. Wasu suna son baƙi da fari kamar allon dara, wasu suna son mai zanen fure da aka yi da hannu. Ni duk ina ganin dabarar masu kanti ce, su sa mutum ya ƙi abin da ke gidansa. Lawan kuwa murna yake yi. Yakan ɗauki sabon tayil ya juya bayansa, ya ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa ya kai kunne, ya ce in saurara, wannan ya sha wuta sosai.

Da a tayil kawai abin ya tsaya, da ba komai. Amma a shekarun nan ne ya auri Doris, baƙar fatar nan ƙasar, ma'aikaciyar asibiti. Ya bar Glenwood inda muke kusa da juna ya koma McLeansville, can cikin gonaki, inda sai da mota ake zuwa. Ya rage gemu. Wani lokaci a yi suna ko walima ba a gan shi ba. Aka ce an ga kare a tsakar gidansu, na Doris ne tun kafin aure. Ban taɓa ganin ya bar salla ba, wannan zan faɗa ko a gaban wa. Amma na fara sa masa ido. In ya yaba wani sabon abu sai in ce a raina, ga shi nan, ƙasar tana cinye shi a hankali. Ban taɓa tambayarsa komai ba. Tarawa kawai nake yi.

Sai muka samu aiki a unguwar Sedgefield, wani babban gida da bayansa ke kallon filin golf. Matar gidan, wata Baturiya mai yawan magana, ta ce ba ta son na Italiya, kowa ya sa. Ita jan tayil na yumɓu take so, wanda ake yi da hannu a Meksiko. Da aka sauke shi na ɗauka an cuce ta. Babu biyu masu kauri ɗaya, gefensa a karkace, wani ja, wani kamar tukunyar da ta ƙone. Lawan ya ce haka ake sonsa, yayin ke nan. Ya bayyana mini cewa a fili ake shanya shi kafin a gasa, kamar yadda ake shanya tubali a gida, shi ya sa wani lokaci dabba takan bi ta kai tun yana ɗanye. Muna cikin buɗe kaya kuwa sai ga wasu da sawun kare a jiki, ya zauna raɗau, har da farata. Na ware su gefe zan zubar. Matar ta gani ta taho da sauri, ta ce kada in kuskura, waɗannan ne ma ta fi so. Ta ce a sa mata ɗaya a bakin ƙofa inda duk mai shigowa zai gani, wai sa'a yake kawo wa gida. Lawan ya yi dariya ya sa mata. Daga baya na ga ashe haka masu sayen irinsa suke yi, ana sa mai sawun a ƙofa, har hannun mai aiki ya saba. Ni dai ranar sai da na wanke hannuna da ƙasa.

A wannan shekarar ne jama'armu, mu da ba mu da yawa, muka kama hayar wani tsohon gida a Glenwood don salla. Kafin nan a falon wannan da na wancan muke yin Juma'a. Alhaji Mamman, mutumin Maraɗi, shi ne babbanmu a shekaru, shi ake jin maganarsa. Dakta Bashir, wanda yake karatun digirin ƙarshe a jami'a, shi yake ja mana salla. Gidan yana da wani zaure tsakanin ƙofar waje da ɗakin salla, nan muka yi niyyar a riƙa tuɓe takalma, mai alwala kuma ya bi ta nan da ɗanyar ƙafa. Katakon wurin ya ruɓe. Lawan ya ce a bar masa, akwai ragowar jan tayil daga aikin Sedgefield da matar ta ce ya kwashe, zai sa shi sadaka. Kowa ya sa masa albarka. A makon da ya yi aikin ni ina aikin wani banɗaki a wata unguwa, ban je ba. Ya ce mini dai in ya gama in je in shafa man da ake shafa wa irin tayil ɗin don kada ya sha ruwa.

Na je da hantsi, ni kaɗai, da gwangwanin mai da buroshi. Aikin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Ya daidaita kaurin kowane ɗaya da siminti har ƙafa ba ta jin tudu. Na fara shafawa daga ciki ina ja da baya, har na iso bakin ƙofar waje. A nan na gan shi. Tayil ɗaya, a tsakiyar ƙofa, da sawun kare.

Ku lura da abin da zan iya yi a lokacin. Guduma da cizal suna cikin mota. Cire tayil ɗaya a sa wani ba aikin da zai kai ni azahar ba ne, kuma akwai ragowa a jingine a bayan gida. Ko kuma in ɗauki waya in ce, Yaya, me ya kai wannan nan? Ban yi ko ɗaya ba. Na tsaya ina kallonsa, duk abin da na tara yana dawo mini: gemun, da karen Doris, da dariyar da ya yi wa Baturiyar nan. Na ce a raina wannan ba mantuwa ba ce, a tsakiyar ƙofa fa yake, daidai inda ta ce a sa nata. Na shafe shi da mai kamar sauran, na jawo wata tabarmar roba na rufe shi, na kulle gidan.

Da na gaya wa mahaifiyarku tana tsaye tana tuƙa tuwo, ba ta ko juyo ba. Ta ce in je in same shi. Na ce in na same shi zai ce kuskure ne, ya cire, magana ta mutu, ba wanda zai san irin mutumin da ya zama. Sai ta ajiye muciya.

"To kai gyaran ƙofar kake so, ko a san shi kake so?"

Na ce mata mata ba su san sha'anin masallaci ba.

Ranar Juma'a aka cika, don ita ce ta farko a sabon wuri. Har shinkafa aka dafa. Bayan an idar mutane suka fito zauren suna neman takalmansu, suna yaba daɓen, Alhaji Mamman yana dafa kafaɗar Lawan yana ce masa injiniya. Sai na sunkuya kamar zan gyara tabarmar, na janye ta. Na ce, Alhaji, ko za a duba wannan.

Nan take kowa ya fara magana. Wani ya ɗaga ƙafa kamar ya taka wuta. Wani ya ce ai alwalarsa ta tafi. Lawan ya leƙo ta kan mutane ya gani, ya ce subhanallahi, ya ce da yamma ya ƙarasa layin ƙofa, hannunsa ne ya kai shi, a ba shi zuwa gobe zai canja. Dakta Bashir ya nemi a saurara. Ya yi bayani a hankali cewa a mazhabar da muka tashi a kai kare mai rai ba najasa ba ne, balle sawu a yumɓun da ya shiga wuta ya fito, balle kuma wurin takalma. Ya ce sallar kowa ta yi, a cire ɗayan don hankali ya kwanta, shi ke nan. Na ga kafaɗun mutane suna sauka. Wani ma har ya fara tsokanar Lawan, yana cewa Bakatsine ya kawo mana mai gadi. Lawan ya fara murmushi.

A nan ne na yi maganar.

"Ba zancen najasa ba ne kawai, Dakta. Masu wannan tayil ɗin a ƙofa suke sa shi da gangan. Sun ce sa'a yake kawowa. A gabana aka gaya masa."

Ban yi ƙarya ba, kowace kalma gaskiya ce. Amma na san abin da za ta zama in ta shiga kunnen Alhaji Mamman, kuma don haka na faɗe ta. Dattijon ya sauke hannunsa daga kafaɗar Lawan. Ya tambaye shi ko haka ne, an faɗi haka a gabansa? Lawan ya ce an faɗa. Ya tambaye shi ko ya sa wa matar a ƙofarta? Ya ce ya sa. Daga nan ba a ƙara maganar tsarki ba, aka koma maganar camfi da shirka, kalmomin da ba a ɗora wa mutum su sauka da sauƙi. Dakta ya yi ta cewa a yi hattara, ba a shiga zuciyar mutum, amma muryarsa ta nutse. Wani daga baya ya ambaci karen gidan Lawan, wani ya ambaci matarsa. Alhaji Mamman ya ce a ɗaga daɓen gaba ɗaya, ba a san abin da ke ƙarƙashin sauran ba.

Lawan bai kare kansa ba. Ni kawai ya kalla, ya tambaye ni yaushe na gani. Na ce ranar da na zo shafa mai.

"Ka shafa masa man kuma?"

Na ce na shafa. Ya gyaɗa kai, ya ɗauki takalmansa a hannu, ya fita da su bai sa ba.

Washegari da safe na je gidan, na tarar ya riga ni. Yana durƙushe yana ɗaga tayil ɗin ɗaya bayan ɗaya, yana bin gefe da cizal a hankali don kada su fashe, ko da yake da yawa sun fashe. Na ɗauko tawa gudumar na durƙusa a ɗaya gefen. Bai hana ni ba. Muka yi ta aiki, ƙura ta cika zauren. Ina jira ya zage ni, don in ya zage ni zan samu abin riƙewa. Da muka gama loda a-kori-kurar ya rufe bayanta, ya ce, "Sannu da aiki, Malam Hamisu." Tun da na san shi ban taɓa jin sunana a bakinsa ba sai ranar.

Ni aka ba aikin sake daɓen. Na sa ƙananan farare masu sheƙi, irin waɗanda na yarda da su. Da ɗanyar ƙafa santsi suke yi, sai da aka shimfiɗa buhuna a kai, haka aka yi ta fama har muka bar gidan. Lawan bai ƙara zuwa Juma'a a nan ba, aka ce wani gari yake tuƙawa ya yi salla cikin mutanen da ba su san shi ba. A aiki ma muka rabu ba tare da an ce an rabu ba: ya daina biyowa ta ƙofata da safe, ni kuma ban kira ba. Na sayi tawa motar. Abin da zai ba ku mamaki, cikin 'yan shekaru ni ma na sa jan tayil ɗin nan a gidaje da dama, don shi ake nema, kuma wata rana a wani gida na tsinci hannuna ya ajiye mai sawun a bakin ƙofa ba tare da kowa ya ce in sa ba. Na zauna a kan bokiti na daɗe ina kallonsa. Ba zan ce muku wannan ya tabbatar mini da abin da ke zuciyar Lawan ranar da ya sa nasa ba. Har yau ban sani ba. Abin da na sani shi ne ban tambaye shi ba lokacin da tambaya take da amfani.

Mahaifiyarku ce ta matsa mini, bayan an haifi ɗan'uwanku Sadiƙu, ta ce ba za a yi suna na biyu a gidan nan ba Lawan bai ji daga bakina ba. Na tuƙa zuwa McLeansville wata Asabar bayan azahar. Doris ce ta buɗe ƙofa, ta gaishe ni da sallama irin tamu, ta kira shi. Daga inda nake tsaye ina hango falonsu da kicin, duk jan tayil ɗin nan ne, waɗanda suka fashe ya yanka su ya yi musu ado a gefe. Ya fito ya ba ni hannu, ya fito da kujeru biyu ƙarƙashin wata bishiya, ya kawo ruwa da lemo. Ya tambayi mai jego, ya yi wa yaro addu'a, ya tambayi aiki. Na yi ta kewaye, daga ƙarshe na ce na zo ne a kan abin da ya faru, ban kyauta ba. Ya ce ya wuce, Allah ya yafe mana gaba ɗaya. Ya faɗe shi da sauƙi, kamar yadda ake faɗa wa wanda ya taka maka ƙafa a kasuwa.

Muna nan zaune la'asar ta yi. Ya kawo mini buta na yi alwala a gindin bishiyar, shi ma ya yi. Na miƙe na nufi ƙofa a bayansa, ina cewa a raina in muka tsaya kafaɗa da kafaɗa, ya ja mu kamar yadda yake yi a gidajen da muke aiki, to an gama. Sai ya ce in dakata. Ya shiga ya fito da darduma sabuwa, ya shimfiɗa mini a kan ciyawa, ya daidaita ta da alƙibla.

Na ce, "Yaya, ai sai mu yi a ciki tare."

"A'a, ka san daɓen ciki. Ba na so in sa ka cikin shakka."

Na ce wallahi ba ni da shakka. Ya ce ya sani, amma dai nan ya fi. Ya shiga ya ja ƙofar. Na tayar da salla ni kaɗai a kan ciyawa, ta taga ina jin kabbararsa, yana gabana da raka'a ɗaya.